Ƙugiyar da Jan Biro Bai Gani Ba

A madaba'ar da ke bayan tashar mota, inda injin bugawa ke tari tun safe kamar tsoho mai mura, akwai wani tebur jikin taga wanda mutum ɗaya kaɗai ke zama a kai. Jan Biro ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana duba kuskure a wurin: katin aure, takardar jana'iza, littafin waƙoƙin coci, tambayoyin jarrabawa, har da tallar maganin ciwon baya. Duk abin da za a buga sai ya bi ta ƙarƙashin idonsa, ya sa hannu a kusurwar takarda, sannan inji ya ci.

Siriri ne, farar rigarsa kullum da karin guga, jan biro uku a aljihu kamar sojoji a fareti. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa a firamare, ba ta gajiya da ba da labarin zamanin nemansu.

"Wasiƙa na rubuta masa, shafi biyu, zuciyata duka na zuba. Bayan kwana uku ya dawo mini da ita, kuskure goma sha ɗaya, duk ya zagaye da ja. Na ce wannan bawan Allah in ban aure shi ba, wa za ta iya?"

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ƙugiya, ɗan lanƙwasan nan da ke kan wasu baƙaƙe. Yakan ce tsakanin kura da ƙura ƙugiya ce kawai, amma ɗaya tsintsiya ake ɗauko mata, ɗaya kuwa takalmi ake cirewa a ruga. Abokiyar faɗansa a kan wannan ita ce mai buga rubutu a kwamfuta, wata mata mai 'ya'ya huɗu da ake kira Yatsa Goma don saurin hannunta. Ta tashi a gidan da harshe ba ya kama ƙugiya, ka da ƙa duk ɗaya suke a bakinta, don haka in ta zo rubutu sai ta barbaɗa su kamar gishiri, inda ya faɗa ya faɗa.

"Yatsa Goma, wa ya ce miki baƙi ne za a wanke da buroshi? Baki ne!"

"To ai shi ya sa Allah ya halicce ka, Baba. In na daina kuskure me za ka ci?"

Haka suke, shekara goma sha biyu.

Abin ya fara ne bara, da wani ɗan duhu a tsakiyar shafi, kamar wanda aka dangwala da babban yatsa. Ya ɗora laifin a kan tawada. Ya sa aka canza ƙwan lantarki. Daga baya layuka suka fara lanƙwashewa kamar igiyar shanya da aka yi wa nauyi. Idon dama ne ya fara, na hagu ya bi. Gefe-gefe yana gani sarai, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya narke. Abin da ya fara ɓace masa ƙarƙaf kuwa shi ne ƙugiya.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya sayi gilashin ƙara girman rubutu ya ɓoye a cikin safa, yana shiga banɗaki da takardun mutane ya duba. Da gilashin ya kasa, sai ya fito da sabuwar dabara.

"Yatsa Goma, daga yau ki riƙa karanta mini da baki. Kunne ya fi ido kama kuskure."

"Yau kuma? Tsufa dai ya zo da sabon salo."

Kunnensa kuwa ba ya ƙarya. Kalma ta faɗi, ko jimla ta karkace, zai ɗaga biro. Sauran kuma sai ya bar wa sa'a, yana sa hannu gabansa na dukan uku-uku. Duk lokacin da wayar madaba'a ta yi ƙara, sai tafin hannunsa ya jiƙe. Duk lokacin da Manaja, mai madaba'ar, ya ce "Baba, zo mana," sai ya ɗauka asiri ya tonu. Sau biyu yana zuwa ƙofar asibitin ido. Na farko ya tsaya ya sayi ruwa ya juya. Na biyu har ya karɓi kati, da ya ji ana kiran na gabansa sai ya sulale. A ganinsa, muddin likita bai furta ba, abin bai tabbata ba.

A gida ma haka. Wajen addu'ar safe yakan buɗe littafi a gabansa ya karanto daga ka, yana juya shafi a inda yake zaton ya dace. In ya zo roƙo sai ya ce, "Ubangiji, ka san abin," ya wuce. Ko Allah bai yarda ya faɗa wa sunan abin ba.

Wahalar ita ce, in yana son ganin fuskar mutum sai ya karkata kai ya dube shi ta gefen ido. Shi gani yake nema, mutane kuwa harara suke gani. Ranar da saurayin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ya zo gaisuwa, yaron ya fita gumi na tsiyaya.

"Baba, me ya yi maka ne?" Auta ta tambaya. "Tun da ya zauna kake hararar sa."

"Ni? Ban harare shi ba."

"Baban Auta," in ji Malama, "ni ma jiya ka wuce ni a bakin titi kamar ba ka taɓa ganina ba. In wani abu na yi maka, ka faɗa."

"Tunani ne ya yi mini yawa."

Ya gwammace a ce masa mai fushi da a ce masa makaho.

Da aka sa ranar auren Auta, Manaja ya ce shi zai buga takardar tsarin sujada kyauta, shafi takwas, kwafi ɗari huɗu. Ran Laraba Yatsa Goma ta gama bugawa. Jan Biro ya sa ta karanta masa sau uku, tun daga sunayen ango da amarya har waƙar fita. A bangon baya akwai layi ɗaya da shi da kansa ya zaɓa.

"Ubangiji ya kare wannan aure," ta karanta. "Amin. Baba, bakina ya bushe fa."

Ya san bakinta. Ya san kare da ƙare duk haka za ta faɗe su. Tambayar tana kan harshensa: akwai ƙugiya ko babu? Kalma huɗu kacal. Amma Manaja na tsaye a kansa yana kaɗa makullin mota, kuma Jan Biro ya tambayi wani ko akwai ƙugiya, ai kamar mahauci ne ya tambayi mai saye ina hanta take. Ya kawo takardar kusa da hanci, ya ga baƙin hayaƙi kawai. Ya sa hannu.

Ran Juma'a bayan azahar, ana gobe aure, ya ɗauki ƙunshi huɗu a keken haya ya kai coci. Fasto ya fita, sai matarsa ce a ɗan ofishinta na bayan majami'a. Ta karanci halayyar ɗan Adam kafin ta yi aure, kuma ranakun Talata da Juma'a takan zauna ta saurari duk wanda abu ya dama. Ɗakin ba komai sai kujera biyu, fanka mai kuka da kwalin hankicin takarda. Matasan coci sun sa masa suna ɗakin kuka. Jan Biro bai taɓa zama a ciki ba. Ra'ayinsa shi ne mai bi ba ya damuwa, in ma ya damu ya yi shiru.

"Mama, ga kaya na kawo." Haka duk coci ke kiran ta, ko da yake ya girme ta da shekara ashirin.

"Sannu, Baba. Kai, takarda har da ƙamshi!"

Ya ji ta yage ƙunshi, ya ji shafuka na juyawa. Sai ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya kamar an kashe rediyo.

"Baba, karanta mini layin baya."

Ta miƙa masa. Ya karɓa, ya gyara tsayuwa.

"Ubangiji ya kare wannan aure."

Fanka ta yi ta kukanta.

"Baba," ta ce a hankali, "shafin waƙoƙi kake kallo. Kuma a baya an rubuta, Ubangiji ya ƙare wannan aure. Da ƙugiya."

Bai san lokacin da ya zauna ba. Kujerar ta karɓe shi kawai. Albarka ya zaɓa wa 'yarsa, ga shi ya sa hannu a kan la'ana, sau ɗari huɗu.

Ta tashi ta tura ƙofa, ta zuba masa ruwa a kofi, ta sa masa a hannu har sai da yatsunsa suka kama.

"Tun yaushe?"

"Kuskuren mai bugawa ne."

"Na ji. Tun yaushe idon?"

Ya daɗe yana sauraron mawaƙa da ke gwaji a cikin majami'a, suna ta maimaita layi ɗaya.

"Wata goma sha huɗu."

"Malama ta sani?"

"Ba wanda ya sani. Mama, don Allah ki rufa mini asiri. Zan nemo reza in kankare su ɗaya bayan ɗaya."

"Da wane idon?"

Ya kurɓi ruwan.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, ba nawa ba ne. Amma bari in tambaye ka. In aka sani, me zai faru?"

"Aiki zai tafi."

"Sai kuma me?"

"Sai in zauna a gida."

"Saura shekara nawa ka yi ritaya dama?"

"Biyu."

"To ashe zaman gidan na tafe ko da ido ko babu. Ban ce ba abin tsoro ba ne. Amma mutum ba ya gudun likita wata goma sha huɗu saboda shekara biyu. Akwai wani tsoron a ƙarƙashin wannan. Shi nake so mu gani."

"Mai bi ba ya tsoro, Mama. Rashin bangaskiya ne, na sani. Shi ya sa ko a addu'a kunya nake ji."

"Wa ya gaya maka? Shi kansa Almasihu, da abin ya matso, bai ɓoye wa abokansa cewa ransa na cikin ƙunci ba, har roƙon su ya yi su zauna kusa da shi. Tsoro maigadi ne, Baba, Allah ne ya ajiye shi a bakin ƙofa don ya yi ihu in ya ga haɗari. Naka ya yi ihu daidai, ido na tafiya. Sai dai maimakon ka ji saƙon ka tafi asibiti, ka miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya. Yanzu shi ke cewa wa za ka gaisar, me za ka faɗa wa Allah." Ta gyara zama. "Yaushe ka fara yin kuskure a gaban mutane?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

Ya juya kofin a hannunsa. Abin da ya fito daga bakinsa, shi kansa bai shirya shi ba.

"Ina ɗan shekara tara. Mahaifina mai bishara ne. Ya sa ni karatu a gaban jama'a ran Lahadi, don a ga ɗansa ya iya. Na zo inda aka ce mutane suka taru a fada, na ce suka taru a faɗa. Coci ta kwashe da dariya. Har tsofaffi."

"Ya doke ka?"

"Ina ma ya doke ni. Kullum in za mu koma gida hannuna yake riƙewa. Ran nan da muka fito na miƙa hannu, sai ya sa nasa a aljihu. Har gida yana gaba ina baya. Bai ce komai ba. Bai sake riƙe ni ba kuma, ko da yake wataƙila girma na yi, ban sani ba." Ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. "Dubi tsoho yana ba da labarin yara."

"Shekara talatin da ɗaya kana kama ƙugiya," ta ce. "Na san kana son aikin, kuma ka iya. Amma ina jin akwai yaron da ke bin bayan babansa har yau, yana cewa in ban sake kuskure ba za a riƙe ni. Ban sani ba ko haka ne, kai za ka faɗa. Tambayata ɗaya ce. In ka rufe ido kana addu'a, Allahn da kake gani, me ke hannunsa?"

Jan Biro ya taɓa aljihun rigarsa, inda birukan suke.

Ana cikin haka sai hayaniya ta taso daga waje. Muryar Manaja ce a gaba, kukan mace a baya. Wani ma'aikacin inji ya ga ragowar kwafi a madaba'a ya nuna masa. Ƙofa ta buɗe ba sallama. Manaja ya shigo, Yatsa Goma na biye, sai Malama da Auta waɗanda ke jera furanni a majami'a suka ji ihu suka taho. Manaja ne ya fara magana.

"Baba, ka gani? Ka ga abin da matar nan ta yi mana? A auren 'yarka! Na gaya mata ta tattara nata ya nata. Na tabbata bayan ka sa hannu ta koma ta taɓa shi, don wannan ba zai wuce idonka ba."

"Wallahi ban taɓa ba," in ji Yatsa Goma, tana jan majina. "Baba, ka faɗa masa. Ko da yake ni ma ban san yadda aka yi ya wuce ka ba."

Auta ta ɗauki kwafi ɗaya ta karanta. Ta dubi mahaifinta, muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, ko dai da gangan ne? Na san ba ka son angon."

Ga ƙofar tsira a buɗe, an ma share masa ita. In ya yi shiru, laifi ya bi Yatsa Goma, shi kuma ya koma teburinsa ran Litinin da sunansa cas. Ya karkata kai ya nemi Matar Fasto ta gefen ido. Tana zaune, hannuwanta a cinya, ba ta ko motsa ba.

"Ba ta taɓa ba," ya ce.

"Me ka ce, Baba?" in ji Manaja.

"Na ce ba ta taɓa komai ba. Yadda ta ba ni, haka na sa hannu. Ban ga ƙugiyar ba. Ba na ganin ƙugiya. Ba na ganin rubutu. Manaja, ko fuskarka yanzu ba na gani, kunnuwanka kawai nake gani da hular. Wata goma sha huɗu ke nan ina sa hannu a kan abin da ban karanta ba."

A majami'a mawaƙa sun kai ƙarshen layinsu sun sake komawa farko.

"Auta, ba hararar mijinki nake ba. Nema nake in ga ko yana da kyau."

Auta ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Yatsa Goma ta dafe ƙirji.

"Shi ya sa ka mai da ni rediyo! Baba, ai da ka faɗa, da na riƙa ce maka ka mai hula ko ka marar hula."

Manaja ya kaɗa makullinsa, ya daina. "Wata goma sha huɗu," ya ce. "Takardun jarrabawa ma?" Ya fitar da numfashi. "Za mu yi magana bayan biki." Bai ce maganar ta wuce ba, kuma Jan Biro ya lura da haka.

Malama ce ba ta ce uffan ba. Ita ya fi tsoro. Ya ji takunta ya matso, ya ji ƙamshin man da take shafawa.

"Baban Auta, wata goma sha huɗu ina bin kaina da tambaya me na yi maka. Har azumi na yi. Wannan faɗan yana nan, ajiye shi na yi, ba yafewa ba. Mama, akwai reza a cocin nan?"

Aka tsayar da gwajin waƙa. Mata goma sha biyar suka zauna a kan bencina da reza da farin ruwan goge rubutu, kowace da tarinta, suna kankare kan harafi ɗaya. Sai tsokana ke tashi. Wata ta ce a bar mata kwafi ɗaya da ƙugiyarsa, akwai auren da take so ta kai wa. Jan Biro na zaune a bencin gaba, ba abin da zai iya yi. Yana jin ƙarar reza a kan takarda, ƙir, ƙir, mutane na gyara kuskurensa a gabansa, hannunsa na ta zuwa aljihu yana dawowa. Sau biyu yana miƙewa, sau biyu Malama na cewa, "Zauna."

Aka ɗaura aure ran Asabar. Duk wanda ya juya bayan takardar zai ga ɗan farin tabo a kan kalma ta uku.

Ran Litinin da safe suna kan benci a asibitin ido, lamba ta ashirin da bakwai. Manaja bai kira ba tukuna. Wata ma'aikaciya da ta leƙa idon da 'yar tocila ta ce, "Me ya sa sai yanzu, Baba?" ta wuce, ba ta ce da sauran dama ko babu ba. Malama na cike masa takarda a kan cinyarta.

"Sun ce yaushe ya fara."

"Rubuta gaskiya."

"Sun ce sana'a."

"Rubuta mai duba kuskure. In ya so a gyara daga baya." Can ya ce, "Kin sa wa asibiti ɗigo a kan i ɗin?"

"Ban sa ba. Ka kai ni ƙara."

Aka kira ashirin da shida. Ya ji tsohon abin nan ya taso masa, ƙafafunsa na cewa tashi, ƙofar fita tana hagu, taku goma sha biyu. Ya riga ya ƙirga. Ya rufe ido.

"Ubangiji," ya ce ƙasa-ƙasa, "idona ne. Tsoro nake ji."

"Ashirin da bakwai!"

Ya miƙe, ya karkata kai yana neman wace ƙofa ce ta likita a cikin ukun. Kafin ya gano, Malama ta kama hannunsa, wanda ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Nan ne," ta ce. "Akwai ɗan tudu, ɗaga ƙafa."